Nisan Tsafe Daga Shafin Farko

A ƙarshen watan Afrilu na 1980 ina ɗan shekara goma sha takwas, na zo gida Tsafe daga makarantar horon malamai. Mahaifina tela ne. Rumfarsa tana bakin titin da ya taso daga Funtuwa ya nufi Gusau, kuma yana da wata rediyo mai cin batir huɗu, wadda ya ɗinka wa riga da ragowar yadi don kada ƙura ta shige ta. Rediyon nan ita ta mai da rumfar majalisa. Da sassafe kafin ya hau keke, da dare bayan an sallame isha'i, mutum goma ko fiye sukan taru a kan benci da tabarma. Da an ce London take kira sai kowa ya yi tsit, ba mai ko tari har a gama labarun duniya, sannan a ɓarke da musu.

A makon nan musun ɗaya ne. Shugaba Carter na Amurka ya aika jirage masu saukar ungulu su ƙwato mutanensa da ake tsare da su a Tehran, aikin ya lalace a hamadar Iran, sojojinsa takwas suka mutu. Akwai wani mai goro a majalisar da ya iya faɗin sunan Ayatullahi Khumaini kamar tare suka yi karatun allo, shi ke jan musun. Ana cikin haka wani direban babbar mota da ya taso daga Talatar Mafara ya tsaya a kama masa aljihun riga da ya yage. Ya jima yana saurare, sannan ya sunkuya wajen mahaifina ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Baba, ku kuna ta Iran, ba ku ji abin da anka yi Bakolori ba?"

Mahaifina ya ɗauke ƙafa daga kan keke. "Mi anka yi?"

"An harbe manoma. Da yawa, Baba."

Manoman da aka karɓe wa gonaki don gina madatsar ruwa ta Bakolori ne suka tare hanyoyin aikin suna neman diyyarsu, aka turo musu 'yan sandan kwantar da tarzoma. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai suka mutu. Mutanen yankin da masu binciken da suka biyo baya suka ce ɗaruruwa ne. Daga Tsafe zuwa can tafiyar 'yan sa'o'i ce. Amma a rumfar nan kowa ya san Amurkawan da suka mutu a hamada takwas ne cif, kuma yau shekara arba'in da wani abu babu mai iya dafa Alƙur'ani ya faɗi adadin mutanen Bakolori.

Daga baya na bar allo da alli na shiga aikin jarida, na yi shekara ashirin da ɗoriya ina aika rahoto daga Gusau. A ko'ina aka zauna maganar aikinmu sai ka ji an ce kafafen labarai sun fi son abin da ya faru kusa da gida a kan wahalar mutanen nesa. Maganar gaskiya ce. Wasu masana biyu 'yan Norway, Galtung da Ruge, tun 1965 suka duba yadda jaridun ƙasarsu suka ba da labarin rikicin Kwango da Kuba da Kubrus, suka nuna cewa abin da ya yi kama da mai karatu, ko ya shafi manyan ƙasashe da manyan mutane, shi ke samun shiga. Sai dai ni tambayar da ta riƙa cina ita ce, kusa da gidan wa? Ban taɓa ganin an auna wannan kusancin da mil ba. Da wurin da edita yake zaune ake auna shi, da inda mai saye yake, da inda kwalta da waya suka tsaya. Da wannan mudun Tsafe ta fi Tehran nisa.

Kafin takarda, labari a ƙasar nan da ƙafa yake tafiya. Fatake su kawo shi tare da goro da kanwa, almajirai su kai shi daga makaranta zuwa makaranta, irin su 'Yandoto da ta yi suna da malamai tun kafin jihadi. Manzon sarki ya zo da wasiƙa, sanƙira ya shiga kasuwa ya yi shela. A wancan zamani nisa nisa ne. Abin da ya faru a Kwatarkwashi zai riga na Kano isa Gusau, na Kano ya riga na Masar. Wanda ya kawo labari kuma ana ganin fuskarsa, in ya yi ƙarya gobe a tare shi a kasuwa.

Jirgin ƙasa ne ya fara rikita ma'aunin. Layin dogo ya iso Gusau daga Zariya a 1927, ya ƙarasa Ƙaura Namoda a 1929. Gyaɗa da auduga aka shimfiɗa shi ya kwasa, amma ya zo da gidan waya da akawuna da 'yan kasuwa daga kudu, ya zo da takarda. Daga ranar nan mutumin Sabon Garin Gusau ya fi saurin jin abin da ya faru a Ikko a kan abin da ya faru a wani ƙauyen da ke bayan dutsen Tsafe, inda sai jaki ke zuwa.

A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Malam Abubakar Imam yana edita. Kakana na wajen uwa, mutumin Bunguɗu, bai yi boko ba, amma ya sha ba mu labarin yadda akan taru a ƙofar gidan wani malamin makaranta a karanta ta da ƙarfi, kwafi ɗaya ya ishi unguwa. Watanni kaɗan da fitowarta yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, sai sunan Hitila ya shiga bakin kowa, har da waɗanda ba su taɓa ganin Zariya ba. Yaƙin Turai ya zama na kusa domin masu mulki suna son ya zama haka. Suna neman sojan da za a kai Habasha da Bama, suna neman gyaɗa, suna neman leburorin tilas da hatsin da za a ciyar da su a ma'adinan kuza na Jos. A daidai wannan lokaci, a 1942, aka yi wata yunwa da tsofaffi a ƙasar Katsina suke kira 'Yar Gusau, saboda nan mutane suka riƙa kwararowa neman abin kai wa baka. Yaƙin Hitila yana da littattafai da hotuna da ranaku. 'Yar Gusau sunanta kawai ya rage a bakin tsofaffi, su ma sun kusa ƙarewa.

An taɓa gwada kusanto da takarda ga jama'a. A shekarun 1950 hukumar talifi ta Arewa, NORLA, ta riƙa buga wa larduna 'yan jaridunsu, Zaruma ta lardin Sakkwato, Himma ta Katsina, Sodangi ta Kano, Bazazzaga ta Zazzau. Ba su yi tsawon rai ba. Ko da suna raye ma, Gusau gefe ce a lardin Sakkwato, Tsafe kuwa gefen gefe.

Sai rediyo ta zo ta cika gidan. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Rediyo Kaduna ta fara a 1962, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979. Abin da ya fito daga wannan wani irin mai sauraro ne da ban san ko akwai irinsa da yawa a duniya ba: manomin da bai taɓa shiga aji ba, amma zai warware maka rikicin Labanan da na Falasɗinu yana riƙe da fartanya. Ina alfahari da wannan, ba na so a raina shi. Amma ku duba yadda mutanenmu suka rungumi shirin gaishe-gaishe na Zaɓi Sonka. Mutum ya sayi kati, ya rubuta sunansa da na abokansa da garinsu, ya jira makonni don kawai ya ji an ambaci Tsafe ko Bunguɗu a Kaduna. Ƙishirwa ce ta jin sunan gida a cikin akwatin da ke ambaton kowane gari ban da naka. Labarin duniya daga sama yake sauko mana kyauta, na ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu kuwa sai direba ya tsaya ɗinkin aljihu.

Ranar 1 ga Oktoba 1996 Janar Sani Abacha ya yanke Zamfara daga Sakkwato, Gusau ta zama babban birni. Da gidan gwamnati ya zo, wakilan jaridu suka biyo shi, ni ma a nan na shiga. Shekara uku bayan haka muka ga abin da ba mu taɓa gani ba. Ranar 27 ga Oktoba 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau, sai ga duniya ta sauka a kanmu. Turawa da kyamarori, manyan 'yan jaridar Ikko da a da ba su san ko Gusau a Najeriya take ko a Nijar ba, duk suka cika masaukin baƙi. Da aka yanke hannun Buba Bello Jangebe a watan Maris na 2000, hotonsa ya zaga duniya. Da kotu a Tsafe ta yanke wa wata yarinya 'yar ƙauye hukuncin bulala, jaridun Kanada suka riƙe maganar makonni, har aka zartar a Janairun 2001. A lokacin na ɗauka Zamfara ta matso kusa ke nan. Daga baya na gane muhawararsu ce ta kansu, a kan addini da doka da makomar Najeriya, ta zo ta samu fili a ƙofar gidanmu. Ranar da muhawarar ta yi sanyi suka naɗe kayansu. Asibitin da babu magani da rijiyar da ta ƙafe suna nan a gabansu duk tsawon zamansu, ba wanda ya juya kyamara wajen.

A 2010 yara suka riƙa mutuwa a Dareta da 'Yargalma da wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda gubar dalma daga dutsen zinariyar da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu. Likitocin ƙungiyar Na Gari Na Kowa ne suka gano abin a watan Maris, ba mu ba, mu da ke zaune a Gusau da biro da littafi. Sai wajen Yuni ƙasa ta sani. Garin Bagega kuwa sai 2013 aka fara share masa gubar, bayan wasu matasa a Abuja sun tayar da ƙura a intanet.

Bari in nuna muku yadda abin yake daga ciki, don kada a ɗauka mugunta ce kawai. Wata safiya da damina, a farkon shekarun da kashe-kashen 'yan bindigar daji suka fara tsananta, wani ɗan'uwan mahaifiyata ya kira ni daga wani ƙauye a ƙasar Tsafe. Sai da ya hau tudu kafin ya samu layi. Ya ce, "Ɗana, sun shigo mana da asuba. Mun rufe bakwai." Na hau mashin na tafi, da kuɗin man da na ranta. Na tarar da kaburbura a jere, ƙasarsu ba ta bushe ba, an dasa wa kowanne reshen ƙaya don kada dabba ta tona. Wata tsohuwa tana zaune a bakin rumbun da aka ƙone tana tsince dawar da wuta ba ta ci ba tana zubawa a ƙwarya. Na rubuta sunayen mamatan bakwai da shekarunsu, na dawo Gusau da la'asar na kira ofis.

Editan mutumin kirki ne, har yau muna gaisawa. Ya ce, "Mutum nawa?" Na ce bakwai. Ya yi shiru. "'Yan sanda sun tabbatar?" Na ce kakakinsu bai ɗauki waya ba. "Akwai hoto?" Na ce wayata ba ta ɗauka da kyau. "Garin yana kusa da ina?" Na ce Tsafe. "Ita Tsafen tana kusa da ina?" Washegari labarin ya fito a can ciki, sakin layi uku, babu suna ko ɗaya. A shafin farko akwai rikicin shugabancin wata jam'iyya.

Na yi fushi ranar, amma da na zauna na bi tambayoyinsa ɗaya bayan ɗaya sai na ga kowacce tana da tushe. Jaridar Najeriya a kudu aka haife ta, tun Iwe Irohin ta Abekuta a 1859, kuma a tsakanin Ikko da Ibadan ta girma, daga baya Abuja da Kaduna suka samu rabonsu. Can masu saye suke, can bankuna da kamfanonin waya masu ba da talla suke. Mutumin ƙauyen Tsafe ba ya sayen jarida, ba ya ba da talla, ba ya kai ƙara in an yi masa kuskure. Kowace jarida wakili ɗaya take ajewa a jiha, shi kuma a babban birni, kusa da gidan gwamnati, galibi babu mota, wani lokaci albashi ma sai an yi watanni. Wanda zai ba shi kuɗin mai shi ne wanda ya kira taron manema labarai, don haka ƙafarsa can take zuwa. Labarin ƙauye kuwa sai ka biya daga aljihunka, ka sa ranka a hanya, ka dawo hukuma ta ce ba ta da masaniya. An yi shekara da shekaru babu jirgin fasinja da ke sauka Gusau, duk babban ɗan jaridar da zai zo sai ya sauka Sakkwato ko Kano ko Kaduna ya biyo hanyar da kowa ke tsoro. Ga kuma harshe. Wanda aka kashe wa ɗa da Hausa ko Fulatanci zai yi kuka, sai an juya kukan zuwa Turanci kafin ya kai tebur, a hanya rabin zafinsa ya zube.

Abu na ƙarshe shi ya fi ciwo: maimaici. Bakwai yau, tara jibi, biyar mako mai zuwa. Aikinmu sabon abu yake nema, shi kuwa kisan da ake yi kullum ya daina zama sabo. Haka farashin shiga jarida ya riƙa hawa kamar na masara. A watan Yuni na 2013 aka kashe mutum 48 a Kizara, cikin ƙaramar hukumar Tsafe, ya samu shiga. Bayan 'yan shekaru, adadin da bai kai wannan ba sai ya zama abin da edita zai ce a haɗa da na gobe.

Ranar 5 ga Afrilu 2014 aka auka wa taron 'yan sa-kai a 'Yar Galadima, cikin ƙasar Maru. Hukuma ta faɗi nata adadin, mutanen gari suka ce sun binne fiye da ɗari. Kwana tara bayan haka bam ya tashi a tashar Nyanya a bakin Abuja, a daren kuma aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok. Allah ya sani ba na ƙyashin kulawar da 'yan matan Chibok suka samu. Su ma sai da aka yi kusan mako biyu kafin duniya ta waiwaye su, kuma sun cancanci fiye da abin da aka yi musu. Amma Chibok ta samu gurbi a cikin labarin da duniya ta riga ta sani tun 2001, labarin ta'addanci, mai suna da tuta da shugaban da ke fitowa a bidiyo. Masu kashe mutanen Zamfara a lokacin ɓarayin shanu ake ce musu. Babu wanda ke Landan ko Ikko da yake jin ɓarawon shanu zai iso ƙofarsa. Hausawa sun ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, amma sai da aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a ranar 28 ga Maris 2022 sannan manyan ƙasar suka yarda wutar dajinmu tana iya kama rigarsu.

Mutanenmu kuwa sun gane lissafin tun kafin mu. A ƙarshen Disamba 2018 jama'a suka fito a Tsafe, da 'yan gudun hijira da matasan gari, suka tare titin Gusau, aka ƙone sakatariyar ƙaramar hukuma, aka sa dokar hana fita. Ban goyi bayan ƙone-ƙone ba, dukiyarmu ce ta ƙone. Amma ranar wayata ba ta huta ba, editocin da suka shekara ba su neme ni ba duk suka kira. An yi watanni ana binne mutane a ƙauyuka ba a ji ba, kwalta ta toshe na yini ɗaya ƙasa ta ji. A watan Afrilu na 2019 Kadaria Ahmed da wasu suka yi tattaki a Abuja kan kashe-kashen Zamfara, washegari gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar. Kukan ɗaya ne, wurin yin sa ne ya sauya.

Ko a cikin Zamfara ɗin ma akwai na kusa akwai na nesa. 'Yan matan Jangebe 279 da aka sace a Fabrairun 2021 duniya ta san da su, an sako su cikin kwanaki. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka ɗauke a Sabon Gida, cikin ƙasar Bunguɗu, a Satumbar 2023, har fadar shugaban ƙasa ta yi magana, domin iyayensu suna birane, suna da waya, sun san wa za su kira. A watan Afrilu na shekarar nan ta 2023 aka kwashe kimanin mutum tamanin a Wanzamai, akasarinsu yara da mata da suka shiga daji neman itace. An ba da labarin, kwana biyu ya mutu. Yaron da ke da rigar makaranta yana da suna a rajista, mai ɗaukar itace ba ya cikin littafin kowa.

Ranar 3 ga Satumba 2021 aka rufe layukan waya a jihar baki ɗaya, bayan an riga an rufe kasuwannin mako, wai don a toshe wa 'yan bindiga hanya. A nan na ga zamanin kakana ya dawo da idona. Mutane suka riƙa cika mota zuwa Funtuwa don su buga waya, da aka rufe ta Funtuwa suka ƙara gaba zuwa Zariya. A tasha za ka ga mutum da takarda a hannu, an rubuta masa lambobi da saƙonnin unguwa guda. Labari ya koma bakin direbobi. Mu 'yan jarida abin da hukuma ta faɗa shi muke da shi. Cikin watan nan aka sace Sarkin Bunguɗu, Alhaji Hassan Attahiru, kuma duk ƙasar ta sani a ranar, domin a hanyar Kaduna zuwa Abuja aka ɗauke shi, inda akwai layi, akwai manya masu wucewa. Talakawansa da ke cikin duhu a gida, abin da ya same su a waɗannan makonni ba a rubuce yake ba. An buɗe wa Gusau layi a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi sai ƙarshen Nuwamba.

Waɗanda suka yi ƙoƙarin rage nisan ma ba su sha da daɗi ba. A 2022, bayan Trust TV da BBC sun fitar da finafinan bincike a kan 'yan bindigar daji, hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ci Trust TV tarar naira miliyan 5, ta ci wasu kamfanonin da suka nuna na BBC. A Oktobar shekarar gwamnatin jiha ta rufe wasu tashoshi a Gusau, har da NTA da Pride FM, saboda sun ɗauki taron 'yan adawa, kafin ta janye. Na ƙasa an tsorata shi, na sama an ci shi tara, sannan a dawo ana tambaya me ya sa ba a jin labarin ƙauye.

Zan yi rashin adalci in na tsaya a nan, domin cutar da nake kuka da ita ina ɗauke da ita. A 2005 yunwa ta kama ƙasar Maraɗi, maƙwabtanmu, masu harshenmu, waɗanda muke aure da su muke cin kasuwa ɗaya. Ban taka can ba. Sai da BBC ta nuna hotunan yaran a watan Yuli sannan ni ma na girgiza, kamar Bature. A watan Yuli na 2022, da kuma Oktoba, aka kashe ɗaruruwan mutane a rikicin jihar Bulunayil ta Sudan, Hausawa da yawa a cikinsu, jikokin alhazai da na waɗanda suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Na ji a rediyo, na ce Allah ya jiƙansu, na ci gaba da shan koko. Da yaƙi ya ɓarke a Khartum a Afrilun 2023, abin da ya cika bakinmu shi ne ɗalibanmu da suka maƙale a iyakar Masar. Ranar da suka sauka Abuja, Sudan ta fita daga hirarmu, alhali a lokacin ne ma wutar ta fara ci. Zuciya ba ta iya ɗaukar makokin duniya duka, na yarda. Wanda ɗansa ke hannun 'yan bindiga ba za a ce masa ya yi kukan Darfur ba. Amma ɗan jarida ba don ya bi zuciyar mai karatu kawai aka ba shi biro ba. An ba shi ne don ya je inda mai karatu ba zai iya zuwa ba, ya dawo ya ce ga fuskar mutumin, ga sunansa. Zumunta a ƙafa take, labari ma haka.

Yanzu waya ta shiga kowane ƙauye da ke da tudun hawa. Kafin in ji abu daga bakin hukuma na gan shi a Facebook ko an turo mini a WhatsApp, wani lokaci da ƙarya a ciki, wani lokaci da hoton gawa da bai kamata a yaɗa ba. Duk da haka wannan ne karo na farko tun zuwan jirgin ƙasa da mutumin bayan dutse yake iya magana da duniya ba tare da ya jira ni ko editana ba. Abin da ya rage shi ne rubutun ya zama mai tsayawa. Hoto yana yawo kwana biyu ya ɓace, sunan da aka rubuta da rana da wuri shi ke zama hujja bayan shekara arba'in.

Littafin da na rubuta sunayen mutum bakwai ɗin nan yana nan a akwatina, tare da wasu goma sha. Ina roƙon malaman makaranta da limamai da ma'aikatan asibitin ƙauye da duk matashin da ya iya riƙe biro, daga Wanzamai har Bunguɗu: in abu ya faru a garinku, ku rubuta ranar, ku rubuta sunan kowa da sunan mahaifinsa, da boko ko da ajami, ku ajiye kwafi a wurin da wuta ba za ta ci ba. Ku kuma masu gidajen jarida da rediyo na Kaduna da Kano da Abuja, ku ajiye wakili ɗaya a Tsafe, ku biya shi albashinsa a kan lokaci, ku ba shi kuɗin mai.